Shokazobar Keken Baba da Tokar Iya

Shekarun baya, shekarar da ruwa ya shigo unguwarmu a Haɗeja har muka yi kwana tara muna raɓe a gidan 'yan'uwa can kan tudu, na yi wani karambani a kan keken mahaifina. Har yau idan aka taru a gida aka rasa abin dariya, labarin ake jawowa, kowa da irin gishirin da yake ƙara masa. Bari yau in ba ku nawa, tun da a hannuna abin ya faru.

Mahaifina manomin shinkafa ne, gonarsa tana fadama ta wajen Auyo. Tun kafin a haife ni da keke yake zuwa, irin baƙin keken nan na da mai kariya da ƙararrawa. Wanda bai san hanyar fadama ba zai ce ai shimfiɗaɗɗiya ce, ba dutse ba hawa. Amma idan ruwa ya janye, shanu suka bi ta kan laka tana ɗanya, rana ta zo ta gasa sawun kofatonsu, sai hanyar ta zama ramuka-ramuka masu taurin tsiya. Duk ramin da taya ta faɗa sai ka ji shi har haƙoranka. Shekara da shekaru hannun Baba yana shan wannan jijjiga, har sanyin ƙashi ya kama masa wuyan hannu duka biyun. Akwai safiyar da na ga ya kasa ɗaga butar alwala da hannu ɗaya, ya waiga ya ga ina kallo, ya ce wai butar ce aka cika da yawa.

Yayana, wanda shi ne babba a gidanmu, yana aiki a Kano. Da ya ji labari sai ya ce a bar hawan keken nan haka, a samo mai babur ya riƙa kai Baba gona yana ɗauko shi. Baba ya ce shi ba buhun taki ba ne da za a ɗora a baya a sauke a bakin gona. Aka yi ta ja, daga ƙarshe Yaya ya aiko da wani keken gwanjo mai faɗin taya, irin na hawan duwatsu, wanda ƙafafunsa na gaba suke lotsawa idan ya faɗa rami, su kuma dawo. Shokazoba dai irin ta babur, amma a jikin keke. Da farko Baba ya ce keken 'yan makaranta ne, ko kariyar ɗora kaya ba shi da ita. Aka sa masa kariya, ya hau sau ɗaya ya je gona ya dawo, bai sake kushe shi ba. Shekara biyu ya yi a kansa, hannun ya lafa sosai.

To ranar da ruwa ya kore mu, kowa ta ransa da hatsinsa yake, aka bar keken a zaure. Da muka dawo muka same shi kwance cikin laka. Aka wanke, aka sa wa sarƙa mai, tayoyi ba abin da ya same su, amma ƙafafun gaba sun ƙage ƙam, ko ka ɗora musu dukan nauyinka ba sa motsi. Ruwan ya cinye shinkafar damina, saboda haka hanya na bushewa Baba ya fara zirga-zirgar shirin ta rani. Sau biyu ya je a haka, hannun ya kumbura suntum. Yaya ya bugo waya ya ce ƙarshen wata yana tafe, idan ya zo bai tarar keken yana lotsawa kamar da ba, magana ta ƙare, mai babur za a kira. Wannan karon har Iya, mahaifiyata, tana bayansa.

Na tura keken wajen wani dattijo mai gyaran keke a bakin kasuwa. Ya danna, ya girgiza, ya taɓe baki.

"Malam, ai tun farko wannan rawar ita ce cutarsa," in ji shi. "Keke mai lotsawa ba ya ɗaukar buhu. Tun da Allah ya sa ya tsaya da kansa, kawo a ɗana masa walda ya zauna daram kamar na mutane."

Ba laifinsa ba ne, haka ake yi a wajenmu. Duk wanda irin keken nan ya faɗo hannunsa, wajen mai walda yake fara kai shi, don mu keke abin ɗaukar kaya ne. Na ce masa mu kuwa rawar muke nema. Sannan na tambaye shi, "Dattijo, wai mene ne a cikin ƙafafun nan?"

"Sifirin mana. Ko iska. Wa ya taɓa buɗewa?"

Wannan "wa ya taɓa buɗewa" ita ta kama ni. Ni malamin makaranta ne, ba makanike ba, amma tun ina ƙarami nake da cutar buɗe abu. Na buɗe rediyon Baba, na buɗe agogon bango, na buɗe tocilan Iya, kuma a cikinsu babu wanda ya sake aiki. A gida na ce don hannun Baba zan gwada, kuma gaskiya ne. Amma tsakanina da Allah, rabin abin da ke ingiza ni so nake kawai in ga me ke cikin bututun nan.

Ina da aboki makaniken babur. Ya ara min makullan alanki da sifana na kwance noti, ya ce idan irin ta babur ce to akwai mai a ciki, in tara kwano kafin in kwance. Na kuma kalli wasu bidiyo a waya, Turawa a shago fes, da safar hannu, kowane noti da mazauninsa. Ni kuwa ranar Asabar da hantsi na shimfiɗa buhu a gindin bishiyar maina ta tsakar gida, na kifa keken, na cire taya da birki, na zare ƙafafun gaba ɗungurungum daga jikinsa. Baba na zaune a gefe kan tabarma wai yana ɗinkin buhu, amma na lura basillar ta daɗe ba ta motsa ba.

A ƙasan kowace ƙafa akwai noti guda. Na sassauta su, na ɗora guntun katako na ɗan buga kamar yadda na gani. Abin da ya zubo cikin kwanon ba mai ba ne, kunun laka ne mai warin kududdufi. Ashe kogi ya shiga ya yi zamansa. Na ja da ƙarfi, kuben ƙasa ya zare, sai ga bututu biyu masu sheƙi, sun yi ɗigo-ɗigon tsatsa da busasshiyar laka.

Na buɗe na hagu ta sama, sifirin ya fito, tsawonsa ya kai kamu guda. Wannan kam na gane aikinsa. Na dama ne ya ɗaure min kai. Babu sifirin a ciki, sai wani siririn ƙarfe da ɗan faifai a kansa bai fi kwabo ba, an huda masa ƙofofi ƙanana da kyar tsinin allura zai shiga. Na juya shi, na hura, na ɗaga shi ta saitin rana. Na ce wanda ya zauna ya huda waɗannan ƙofofi ba don ado ya yi ba, tun da babu mai ganinsu. Can dabara ta zo min, na mayar da shi cikin bututun, na zuba man keken ɗinki, na tura. Sai na ji yana tafiya a hankali, kamar wani yana riƙe da shi daga ciki. Na ja, nan ma a hankali. Na ƙara ƙarfi, ya ƙara turjewa. Ashe sifirin shi ke karɓar dukan rami, man da ake matsewa ta ƙofofin nan kuma shi ke hana sifirin ya rama a hannun mutum.

Na juya na fara yi wa Baba bayani irin na aji, da hannu da komai. Ya karɓa, ya tura sau biyu, ya ce, "Ai bakin fangalin ban-ruwa ne. Ka buɗe kaɗan ruwa ya shiga a natse, ka wangale ya cinye kunya." Abin da na yi awa guda ina kokawa da shi ke nan. Ya miƙo min ya koma kan buhunsa.

Aka kira Azahar. Na jera ƙananan kayan a kan faifai bi da bi yadda na ciro su, na jingine bututun a jikin bango, muka tafi masallaci. Daga can na wuce wajen abokina karɓo man da ya ce zai fi dacewa, marar kauri. Hira ta ja mu.

A nan ya kamata in gaya muku wani abu game da Iya. A gidanmu ba a ajiye abu mai datti a tsakar gida a dawo a same shi yadda aka bar shi. Tukwanenta na ƙarfe, duk da icen da ake hura musu kullum, kana iya gyara hularka a jikinsu. Toka da yashin bakin kogi da soson ƙarfe, da su take wannan aikin tun tana budurwa, kuma ba ta taɓa ganin ƙarfen da ya gagare su ba.

Ina shigowa na same ta zaune kan kujera 'yar tsugunno, ƙafafun keken a cinyarta, ta gama da na dama tana shirin kama na hagu.

"Zo ka gani," ta ce. "Da a haka za ka mayar da shi, da wannan tsatsar? Ku maza kun iya kwancewa, wanki ne dai Allah bai ba ku ba."

Ya fito kam, yana ta walƙiya. Na shafa da farce, sai na ji ƙar-ƙar-ƙar, zane-zane a tsaye tun daga sama har ƙasa. A bakin kuben nan akwai wata roba da take rungume bututun, ita ke tare mai a ciki ta tare ƙura a waje, kuma ba ta iya aikinta sai bututun yana da santsin gilashi. Kowane zane hanyar fitar mai ce. Kuma duk cikin biyun sai ta fara da mai man.

Na ce, "Sannu da aiki, Iya. Ɗayan ki bar min shi, ba ya son toka."

"Ƙarfe ne ba ya son toka?" Ta kalle ni kamar na ce kifi ba ya son ruwa.

Laifin nawa ne, na sani. Na san gidan da na tashi, amma na fita ban bar sallahu ba. Na ce bari dai in haɗa, ƙila a dace. A ƙarƙashin robar akwai wasu 'yan zobba na soso da suka ruɓe, na yanko madadinsu daga gefen tsohuwar katifa na jiƙa da mai. Na wanke komai da kananzir, na shafa wa sifirin giris, na zuba mai, na ɗaure. Da na mayar da taya na danna kan keken, sai ya lotsa ya dawo a hankali. Karo na farko ke nan a rayuwata da na buɗe abu ya sake aiki. Na fita da shi ƙofar gida ina ta dannawa, ko Allah zai kawo mai tambaya.

Kwana uku Baba yana zuwa gona yana dawowa da fara'a. Rana ta huɗu na ga zoben mai a jikin bututun dama, ƙura ta manne masa. Kafin mako ya zagayo man ya tsiyaye. Keken yana lotsawa, amma da ya lotsa sai ya yi tsalle ya dawo da ƙarfi, har kana jin ƙwas. Baba bai fasa hawa ba. A haka Yaya ya iso.

Da la'asar aka fito da keken ƙofar gida. Kafin Yaya ya fito daga ciki, na ga Baba ya sunkuya ya goge ƙafar dama da tsumma, ya cusa tsumman a aljihu. Yaya ya zo ya danna, ya ga yana lotsawa, shi dai iya abin da ya sani ke nan. Baba ya hau, ya bi ta kan kwatar gaban gida da gangan, ya kewayo ya sauka yana murmushi.

"Ai ya fi da ma," ya ce.

Yaya ya dafa kafaɗata ya ce ashe karambanin nawa zai yi rana. Ban taɓa jin yabon da ya yi min ɗaci kamar wannan ba. Da ya fita gaishe-gaishe na leƙa ɗakin Baba, na same shi ya tsoma hannuwa biyu cikin kwanon ruwan ɗumi, Iya na tsaye tana sirka masa. Ta gan ni, ta fita.

"Baba, hannun ne?"

"Ka ga wani abu ne?"

"Na gani."

Ya ce, "Yayanka don ni yake yi, na sani. Amma ruwa ya ci min ta damina, ga ta rani ana shirin dasawa. Idan aka ce sai wani ya ga dama zan ga gonata, to ta tashi daga tawa. Kai ka buɗe abin nan, ka san cikinsa. Ni ban sani ba."

Tsoro ya kama ni, don yanzu da ni ake ɓoyon. In na yi shiru hannun ya lalace, da hannuna a ciki. In na faɗa, ni na sauke shi daga keke. Sai na ji bakina yana cewa, "Baba, ka ba ni mako guda, kada ka hau. In na kasa, da bakina zan gaya wa Yaya." Tun da nake ban taɓa gindaya wa mahaifina sharaɗi ba. Ya ce, "Mako guda."

Washegari Yaya ya koma Kano. Abokina makanike ya duba ya ce bututun ya mutu sai dai sabo, sabo kuwa ko a Kano sai an yi dace. Na koma bidiyo, na tarar ashe Turawan ma suna samun irin wannan zanen, duk da su ba su da Iya. Maganinsu ya ba ni dariya: jan farce. A cike zanen da shi, a bari ya bushe, a goge da samfefa mafi laushi har ya daidaita da ƙarfen. Haka na je kasuwa da gemuna na tsaya gaban teburin wata mai kayan kwalliya.

"Malam, wace kala take so?" ta ce.

"Marar kala."

"Ita ta ce marar kala?"

"Na keke ne."

Sai da ta kira maƙwabciyarta ta ce don Allah in maimaita.

Samfefar kuma wajen masu fentin mota na samo. Na zauna gindin maina ina shafa jan farcen, nan ya yi tudu, can ya tsallake zane. Iya ta jawo kujera ta zauna tana kallo. Can ta ce, "Tokata ce ko?"

"Ni ne ban faɗa ba, Iya."

"Ba shi na tambaye ka ba. Miƙo."

Ta karya tsinken tsintsiya, ta tsoma, ta riƙa bin zanen ɗaya bayan ɗaya kamar mai zanen lalle. Idan ya bushe na goge da samfefa da ruwa, sai ta rufe ido ta bi bututun da yatsa, ta ce "nan", in duba da kyau in ga kuwa akwai saura. Yatsan da ya saba tsince tsakuwa a shinkafa ne. Sau uku muka maimaita, kwana biyar. Duk kwanakin nan Baba bai taɓa keke ba. Da yamma yakan taka zuwa bakin titi ya tsaya yana tambayar masu dawowa daga fadama ko an saki ruwa ta wajensa.

Ba zan yi muku ƙarya ba, bai koma sabo ba. Yana ɗan gumi, amma ya daina zuba, kuma duk bayan mako uku sai an buɗe an wanke an ƙara mai. Da na tabbatar ya riƙe, na buga wa Yaya waya na gaya masa komai, har tsumman da ruwan ɗumin. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "To, a dai riƙa dubawa." Buɗe keken ya zama aikinmu na Asabar. Baba ke riƙe ƙafar ina zuba mai, shi ke cewa ya isa, kuma ya fi ni sanin lokacin da ya kamata a buɗe, don a hannunsa yake ji. A gindin mainar nan na ji labarai da yawa a bakinsa da ban taɓa ji ba, shi da ba mai yawan magana ba.

Shekara biyu ya ƙara a kan keken. Wata rana bayan an gama bugun shinkafa, ya shigo da yamma yana tura shi, ya jingine a zaure, ya ce, "Gobe a kira min mai babur ɗin nan."

Na zabura na je na danna, na shafa bututun, na duba ko mai ne ya zube.

"Bar shi, lafiyarsa lau," ya ce. "Ni ne na ga ya isa. Da waccan shekarar aka sauke ni, da har in koma ga Allah ina jin an ƙwace min gona. Yanzu kuwa ni na sauka."

Na daɗe ina ɗauka hannun Baba muka ceto da mai da jan farce. Sai daga baya na gane ciwon bai fasa tafiyarsa ba, jinkiri kawai muka samo. Amma a cikin jinkirin nan ne ya samu ya yanke wa kansa shawara. Mu 'ya'ya idan tsoro ya kama mu a kan iyayenmu, saurin karɓe musu abu muke yi, kuma tausayi ne da gaske yake sa mu, shi ya sa ba ma tsayawa mu tambayi me abin yake a wajensu. Ni ma ban tambaya ba, son ganin cikin bututu ne ya kai ni inda na ji amsar.

Baba ya rasu yanzu, Allah ya ji ƙansa, kuma ina kewarsa ƙwarai, musamman ranar Asabar da hantsi. Ya yi shekaru yana zuwa gonar a bayan babur, ban taɓa jin ya yi ƙorafi ko sau ɗaya ba. Washegarin ranar da ya jingine keken nan, tun kafin mai babur ya iso ya riga ya fito ƙofar gida da malafarsa a ka, yana jiransa.